SUNAN YANKA DA LAƘABI: Tsokaci Kan Raɗa wa Kayan Wasu Suna

Masu iya magana sun ce suna linzami ne. Duk wanda ya taɓa hawan doki ya san abin da suke nufi, wato inda aka ja linzami nan doki zai fuskanta, ko da kuwa ba can ne gidan ubangidansa ba. To, mu marubuta jan wannan linzami shi ne sana'armu. Kullum muna cin karo da abubuwan da ba a ƙasarmu aka haife su ba, kuma tilas ne mu kira su da wani abu kafin mu sa su a takarda. Tambayar da muke so mu yi tsokaci a kanta a wannan fitowa ita ce: idan abu na wasu mutane ne, su suka ƙago shi, su suka rene shi, shin muna da ikon raɗa masa suna da harshenmu? Idan kuma muna da ikon, ina iyakarsa?

Za mu ɗauki misali da abin da ya fi komai ƙanƙanta, wato takardar da ake ninkewa ta koma tsuntsu ko jirgi. Mai karatu yana iya cewa ai wannan wasan yara ne, bai kai a ɓata masa tawada ba. Amma a kan ƙaramin abu aka fi ganin halin mutum, domin a nan ne yake jin babu mai tuhumarsa.

Tsuntsuwa ɗaya, suna huɗu

Da wuya a sami wanda ya yi firamare a Kano ko Zariya ko Maraɗi da bai taɓa yage tsakiyar littafin rubutunsa ya ninke kwalekwale ba, ya sake shi a kwata ranar da aka tafka ruwa. Abin da mu muka ɗauka ƙiriniya, a wasu ƙasashe fasaha ce mai malamai da littattafai. Japanawa suna kiran ta origami, daga kalmomi biyu na harshensu, ɗaya tana nufin ninkewa, ɗaya tana nufin takarda. Tun a 1797 aka buga littafi a Japan kan yadda ake fitar da tsuntsaye masu yawa a haɗe daga falle guda. A ƙarni na 20 wani gwani mai suna Akira Yoshizawa, wanda ya rayu daga 1911 zuwa 2005, ya ƙago siffofi masu ɗimbin yawa, ya kuma tsara alamomin layi da kibiya waɗanda mai koyo zai bi ko da bai iya harshen littafin ba. Daga shekarun 1950 sunan origami ya bazu a duniya, har ya nemi ya shanye duk sauran sunaye.

Sai dai ba Japanawa kaɗai ke ninke takarda ba. Sana'ar yin takarda ta shiga Turai ne ta hannun Musulmin Andalus, inda a ƙarni na 12 garin Shaɗiba ya yi suna a kanta. A wannan ƙasa, wadda yau ake kira Sifaniya, yara sun gaji wata siffa tasu ta gargajiya, mai kai a ɗage da ƙafafu da wutsiya, duk kusurwa-kusurwa. Suna rubuta sunanta pajarita, suna furta shi paharita, ma'ana 'yar tsuntsuwa. Ba su raina ta ba. Miguel de Unamuno, babban masanin falsafa wanda ya shugabanci Jami'ar Salamanka, ya shahara da ninke ta, har a 1902 ya liƙa wa wani littafinsa na ƙagaggen labari wata maƙala ta barkwanci a kan "ilmin" wannan tsuntsuwa. A ƙarshen shekarun 1920 mai sassaƙa Ramón Acín ya ƙera manyan guda biyu da ƙarfe a wani lambun shaƙatawa na garin Weska, kuma a 2013 aka buɗe gidan adana kayan wannan fasaha a birnin Saragosa.

Ga inda abin yake da ban sha'awa. Wannan siffa ɗaya, da ta isa Faransa sai aka ce kaza ce. A wasu littattafan Ingila aka ce dokin kara ne, irin wanda yara ke hawa. A Japan kuwa aka ce kare ne. Takarda ɗaya, ninki ɗaya, amma kowa ya duba sai ya ga abin da ke yawo a tsakar gidansu. Shi kansa Unamuno, da ya zo raɗa wa "ilmin" nasa suna, daga sunan kazar Faransawa ya tsago shi, bai ɗauko daga na garinsu ba.

Saboda haka Sifaniyawa suka tsinci kansu da matsala biyu. Ta farko, da siffofin Japan suka shigo musu, da wane suna za su kira su? Ta biyu, ita tsuntsuwarsu ta gado, za su yarda a kira ta origami, kamar daga Japan ta zo? Suna da kalmarsu ta papiroflexia, kuma har yau kalmomin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Waɗannan matsaloli biyu su ne namu, ba ragi ba ƙari: yadda za mu kira na wasu, da yadda wasu ke kiran namu.

Gauraka ko shamuwa?

Bari mu gwada da kanmu. A ce ɗayanmu ya zauna rubuta littafin yara, yana so ya koya musu siffar da ta fi kowace shahara a Japan. Siffa ce ta wani tsuntsu fari mai dogon wuya da jan tabo a ka, wanda suke kira tsuru. A al'adarsu alama ce ta tsawon rai, kuma suna cewa wanda ya ninke dubu zai sami biyan bukata. Akwai wata yarinya, Sadako Sasaki, wadda take da shekara 2 lokacin da aka jefa makamin ƙare-dangi a Hiroshima a ranar 6 ga Agusta, 1945. Bayan shekara goma sankarar jini ta kwantar da ita, ta riƙa ninke tsuntsayen nan a gadon asibiti har ta rasu a 1955 tana da shekara 12. A 1958 aka gina mata hasumiyar tunawa, kuma tun daga nan wannan 'yar takarda ta zama alamar neman zaman lafiya a duniya. Ke nan ba takarda kaɗai marubucinmu zai sa wa suna ba, har da wannan nauyi da take ɗauke da shi.

Sifaniyawa ba su sha wahala a nan ba, domin dangin tsuntsun yana sauka ƙasarsu duk lokacin sanyi, suna da sunansa tun fil azal. Mu fa? Idan muka bi dangantaka, ɗan'uwansa a wurinmu shi ne gauraka. Amma gauraka yana da tukku kamar zinariya, tsuntsu ne na ado da ake ajiyewa a gidajen sarakuna da attajirai, kuma yanzu ya yi ƙarancin da yawancin yaranmu ba su taɓa ganinsa ba. Wanda ya san shi zai nemi tukku a jikin takarda ya rasa, kuma abin da zai zo masa a rai alfarma ce, ba addu'ar mara lafiya ba. Idan muka bi ma'ana, sai mu ce shamuwa, mai zuwa da bushara a goshin damina, wadda take sheƙa a tsakiyar gari ba mai jifanta. Wannan ya fi kusa da zuciyar abin. Amma shamuwa wata halitta ce daban, baƙa ce mai farin ciki, kuma ranar da yaron ya girma ya karanta labarin Hiroshima zai gane mun yi masa musaya. Idan kuma muka ce a bar sunan yadda yake, to ranar da malami ya ce wa aji su ninke tsuru, dariya za ta hana darasi, domin abin da Bahaushe ya sani shi ne mara gaskiya ya yi tsuru-tsuru.

Kowace hanya muka bi akwai abin da zai zube. Wannan ne ya sa muke ganin kafin a tambayi wane suna ya fi, ya kamata a fara tambayar wane irin suna ne muke da ikon bayarwa.

Darasi daga Gidan Ɗan Hausa

Amsar tana nan kusa da mu, a unguwar Nassarawa GRA ta Kano. A nan ne wani tsohon gidan ƙasa yake, wanda kowa ya sani da Gidan Ɗan Hausa, yanzu yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Mai gidan sunansa Hanns Vischer, haifaffen birnin Basel na ƙasar Suwizalan a 1876, wanda ya shiga aikin mulkin mallakar Ingila. A 1906 ya ƙetare Sahara daga Tarabulus zuwa Barno. A 1909, shekara shida bayan Turawa sun ci Kano, ya buɗe makarantar boko a Nassarawa, inda ake koyarwa da Hausa, kuma akwai sashen koyon sana'o'in hannu a cikinta. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa da haruffan boko. Saboda yadda ya laƙanci harshen da ɗabi'un mutane, Kanawa suka riƙa kiransa Ɗan Hausa.

Ana iya saɓani kan aikin da ya zo yi, da wanda ya aiko shi. Abin da ya dame mu a nan shi ne sunan. Kanawan da suka kira shi Ɗan Hausa ba su taɓa zaton a Fagge ko Ɗandago aka yanke masa cibiya ba. Sun san Bature ne, kuma sunan ma ba zai yi daɗi ba sai don an san Bature ne. Laƙabi suka ba shi, ba sunan yanka ba.

Bahaushe ya daɗe da bambanta waɗannan biyu. Sunan yanka haƙƙin uba ne. Ranar bakwai ake raɗa shi, a yanka rago, liman ya yi addu'a, wanzami ya yi aski, kuma sau ɗaya ake yi. Laƙabi kuwa ƙofarsa a buɗe take. Kaka tana bayarwa, uwa tana bayarwa saboda alkunya, abokai suna bayarwa, gari ma yana bayarwa. Wanda aka haifa ran Juma'a ya zama Ɗanjuma, wanda ya biyo mata ya zama Tanko, wadda ta biyo maza ta zama Kande, mai sunan kakansa ya zama Abba. Wani har ya tsufa maƙwabta ba su san sunansa na yanka ba. Duk da haka laƙabi bai taɓa goge sunan yanka ba. Ranar ɗaurin aure da ranar rabon gado, sunan yanka ake nema, da sunan uba.

Addini ma ya ƙarfafa wannan iyaka. Sananne ne cewa an daɗe ana danganta Zaidu ɗan Harisa ga Manzon Allah (SAW) saboda shi ya riƙe shi, har aka saukar da umarni cewa a riƙa kiran 'ya'yan riƙo da sunan iyayensu. Ba a hana riƙo ba, ba a hana ƙauna ba. Abin da aka hana shi ne sauya nasaba.

To, a ganinmu wannan ita ce matsayar da ta dace da marubuci. Duk abin da ya zo mana daga wata al'umma ɗan riƙo ne. Muna da cikakken iko mu ba shi laƙabi, kai, wajibi ne ma, domin baƙon da ba a ba shi laƙabi ba har yanzu a zaure yake, bai shiga cikin gida ba. Abin da ba mu da iko a kai shi ne mu yanka masa sabon rago, mu ce mu muka haife shi.

Da aka yi mana, yaya muka ji?

Wanda bai gamsu ba, ya tuna lokacin da linzamin yake hannun wasu. Shekaru aru-aru majema a ƙasar Hausa suna jeme fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi da bagaruwa, su rina ta da karan dafi, ayari ya ɗauke ta daga Kano ya ƙetare Sahara. Da ta isa Turai ta tashoshin Arewacin Afirka, sai mai yawa daga cikinta ta shiga kasuwa da sunan fatar Maroko. Da ita aka yi wa manyan littattafai bango a ɗakunan karatu na Turai, amma majemin da ya tsoma hannu a rini babu ko ambatonsa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Sai daga baya masu ɗinkin littafi a Ingila suka fara ƙara sunan kogin Neja a jikin sunan. Wannan shi ne sunan da ya sauya nasaba.

Akwai kuma sunan da ya sauya ma'ana. Maƙeran Abzinawa suna da wani abin wuya na azurfa wanda suke kira tanaghilt da harshensu. Da Faransawa suka gan shi da rassa huɗu, sai suka kira shi da abin da suka sani a gida, suka ce kuros ne na Agadas. Masu ƙera shi Musulmi ne, masu sa shi Musulmi ne, amma sunan ya bi shi duniya, har ta kai maƙerin da ke son ciniki da baƙi shi ma da wannan suna yake tallarsa. Ba a sace masa gari ba, Agadas tana nan a jikin sunan, sai dai an jingina masa abin da bai ce ba.

Na ukun ya fi sauƙi, amma ya fi kusa da aikinmu na fassara. Aikin nan na babbar riga da muke kira aska takwas, a littattafan Ingilishi da gidajen tarihinsu an mayar da shi wuƙaƙe takwas. Ba da mugun nufi aka yi ba, masana ne masu ƙaunar abin, irin su David Heathcote wanda ya yi shekaru yana nazarin ɗinkin Hausa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a shekarun 1970. Amma Bahaushe bai ce wuƙa ba. Wuƙa ta mahauci ce da ɗan tauri. Aska ta wanzami ce, ita ke taɓa kan jariri ranar suna, ita ke gyara mutum ranar salla. Wanda ya ji wuƙaƙe a ƙirjin basarake wani hoto zai gani, wanda ya ji aska wani hoto daban. Kalma ɗaya ce ta goce, amma ta tafi da rabin rigar.

Idan waɗannan uku sun sosa mana rai, to mun riga mun san dokar. Abin da ba ma so a yi wa fatarmu da rigarmu, kada mu yi wa tsuntsun wani.

Masu ja da wannan magana

Akwai masu cewa duk wannan wahalar banza ce, domin harshe ba ya neman izinin kowa. Suna da hujja. Masara da muke ci, sunanta yana nuna Masar, alhali asalinta daga nahiyar Amurka ne. Dankalin Turawa ma ba a Turai Allah ya fara tsiro da shi ba, daga duwatsun Kudancin Amurka aka kai musu. Gwandar Masar haka. Ashe Bahaushe ma ya yi wa wasu irin abin da aka yi wa fatarsa, kuma sama ba ta faɗo ba.

Gaskiya ne. Amma a lura da abu biyu. Na farko, waɗannan sunaye shaida ce a kan kyakkyawar niyya. Kakanninmu ba su ce masara tasu ce ba, sun danganta ta ga hanyar da suka ga ta biyo, iyakar saninsu ke nan. Haka suka ce atamfa 'yar Holan, haka hular zanna take faɗin cewa daga Barno take, tunda zanna sarauta ce ta Barebari. Ɗabi'ar harshenmu ita ce ya bar wa baƙo sunan garinsu a jikinsa. Na biyu, kasuwa tana da uzurin da marubuci ba shi da shi. Mai sayar da masara bai da hanyar bincike, kuma maganarsa iska ce. Marubuci yana iya bincike, musamman yau da ɗakin karatu ya shigo cikin wayar hannu, kuma abin da ya rubuta shi za a koyar a aji shekara hamsin. Kuskuren jahilci daban, rufe ido da gangan daban.

Wasu kuma suna cewa, to wa ya san uban? Wannan ja ce mai ƙarfi. Kayan gargajiya ba su da takardar haihuwa. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya assasa makarantun renon ƙananan yara, ya sa ninke takarda cikin darussansa, kuma tsarinsa ya shiga Japan a shekarun 1870. Saboda haka wasu siffofin da ake ɗauka na Japan ne tsantsa, daga Turai suka je, suka cakuɗa da na gida. Ita ma aska takwas ba mu kaɗai ke da ita ba, Nufawa na Bida gwanaye ne a kanta, Yarabawa ma suna sa ta. Kayan aikinmu kansu baƙi ne. Alƙalami da littafi daga Larabci suka zo, kuma masana harshe sun nuna cewa kalmar takarda ta iso mu ne ta bakin Abzinawa, bayan ta taso tun daga harsunan Girka da Rum.

Amsa ita ce, hukuncin ɗan riƙo bai bar wannan giɓi ba. An ce idan ba a san iyayensu ba, to 'yan'uwa ne, a zauna da su a haka. Wato rashin sanin uba bai halatta a ƙago wani ba. Idan asalin abu ya ɓace, sai mu ce na kowa ne, ko mu faɗi duk inda aka same shi. Ba sai mu rungume shi mu ce tunda babu mai shi, namu ne ba.

Akwai rukuni na uku, masu tsananin tsoron Allah a kan amana, waɗanda ke cewa kada a taɓa sunan kowa, a bar shi yadda masu shi suka faɗa. Niyyarsu mai kyau ce, amma sakamakonta mun gan shi. Yaron da ke koyon ninke takarda ta bidiyo a intanet, komai da Ingilishi yake ji, sai ya tashi da tunanin cewa Hausa ba ta da bakin faɗin irin waɗannan abubuwa. Zanen aro ba ya rufe katara. Da magabata sun yi wannan tsoro, da ba mu sami jirgin sama ba, da ba mu sami tauraron ɗan'adam ba.

Abin da ya rage gare mu

Magabatanmu a wannan sana'a sun nuna hanya. Da Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin jarumin Rasha Ilya Muromets, ya mayar da shi Iliya Ɗan Maiƙarfi, sunan da ya zauna a bakin kowane ɗan makaranta. Amma bai kai shi Daura ko Katsina ba. Ya bar birnin Kib da Sarki Waldima, ta yadda mai bincike zai bi sawu har ya isa Kiyef da sarkinta Biladimir. Wannan shi ne laƙabin da ya bar ƙofar gida a buɗe. Magana Jari Ce, wanda Abubakar Imam ya rubuta a ƙarshen shekarun 1930, ya sha daga rijiyoyin Larabawa da Indiyawa da Turawa, kuma da manazarta suka bi diddigin labaran, darajar Imam ba ta ragu ba, sai ma aka ƙara ganin gwanintarsa wajen sa musu rigar Hausa. Wanda ke ɓoye inda ya ɗebo ruwa, shi ne wanda bai amince da tulunsa ba. Waɗanda suka bi muhawarar da aka tafka a jaridu a ƙarshen shekarun 1990, kan littattafan soyayya na Kano da finafinan Indiya, sun san cewa wannan batu ba na takardar wasa kaɗai ba ne.

Saboda haka muna ba 'yan'uwa, musamman masu tasowa, shawara uku. Ta farko, laƙabi ya bi siffar abu ko aikinsa, kada ya bi abin da muke so ya zama. Ta biyu, a bar alamar gida, ko a jikin sunan, ko a layi ɗaya cikin gabatarwa. Ta uku, inda ba a san asali ba, kada a ƙirƙiro.

Idan muka auna tsuntsunmu da wannan ma'auni, sai mu ce gaurakan Japan. Gauraka ya ba yaro abin kamawa, Japan ta gaya masa kada ya nemi tukku, kuma ta bar masa hanyar da wata rana zai bi ya isa ga labarin Sadako. Ita kuwa ta Sifaniyawa, 'yar tsuntsuwar Andalus ta ishe ta. Fasahar gaba ɗaya muna iya ce mata ninkin takarda, mu bar naɗi ga rawani da sarauta. Ba mu ce waɗannan su ne ƙarshe ba, shafukan wannan mujalla a buɗe suke ga wanda ya fi mu kunne. Laƙabi ai ba wanda ya raɗa ne ke tabbatar da shi ba, masu kira ne.

Akwai sauran aiki guda, kuma shi ya fi gaggawa. Fatarmu ta tafi da sunan wasu ne saboda babu wanda ya rubuta nata a inda duniya za ta gani. Yau ma a Kasuwar Kurmi da lungunan birnin Zariya akwai dattawa masu ɗinki da jima da saƙa, waɗanda suka san sunan kowane zane da kowane ɗinki, daga haɓar kada zuwa malum-malum, kuma da yawa daga cikin sunayen nan a bakinsu kawai suke. Duk ranar da aka binne ɗaya daga cikinsu ba mu zauna da shi da alƙalami ba, laƙabin da baƙo ya bayar shi zai zama sunan yanka, kuma ba za mu sami bakin ƙorafi ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar namu da ta wasu, amin.